Yadda na zaɓi kwamfutar tebur ta gem da kuɗi ƙalilan, da abin da na duba kafin na biya

Tun kafin na buɗe kowace talla na yanke shawara a kan abu biyu: gem ɗin da zan riƙa bugawa, da monitar da zan buga su a kai. Waɗannan biyun su ke gaya maka ƙarfin da kake bukata, duk sauran kayan biyo su suke yi. Nawa gem ɗin iri biyu ne. Akwai marasa nauyi na gasa, irin su Valorant da Counter-Strike 2 da Rocket League, waɗanda abin da suke so shi ne yawan firem, wato hotunan da ake zanawa, a daƙiƙa. Akwai kuma masu nauyi irin Cyberpunk 2077, waɗanda ke cin katin hoto sosai, wato ɓangaren da ke zana abin da ake gani a allo. Monita kuwa na tsaya a 1080p, inci 24, mai 144Hz zuwa 165Hz, wato mai sabunta hoto sau 144 zuwa 165 a daƙiƙa. Dalilin yana cikin lissafi. Allon 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai yake ɗauke da shi, na 1440p ya kusa miliyan 3.7, na 4K ya haura miliyan 8. Kowane ɗigo katin hoto ne zai zana shi, sau da dama a cikin daƙiƙa guda. Mai kuɗi kaɗan da ya sayi monitar 4K ya ɗora wa katinsa aiki ninki huɗu, kuma zai ƙare yana rage saiti har hoton ya fi na 1080p muni.

Daga nan na kasa kuɗin. Na fara cire na monita da kibod da linzami gefe guda, domin mutane da yawa sukan manta da su sai akwatin ya iso gida. Abin da ya rage na ware wa katin hoto kusan kashi 2 cikin 5, firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) kusan kashi 1 cikin 5, saura ya tafi ga madabod (faifan da ake jona dukkan kayan a kansa) da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) da SSD (ma'ajiyar fayiloli) da fawa (na'urar da ke raba wuta) da kes (akwatin da ke ɗauke da su). Wannan rabon ba doka ba ce, amma ya zame mini ma'auni: duk kwamfutar da na ga an zuba kuɗinta a firosesa an bar ta da ƙaramin kati, sai na wuce.

Hanya uku ce a gaban mai saye. Ko ka sayi wadda babban kamfani ya haɗa ya rufe a kwali, ko ka sayi wadda masu haɗawa suka haɗa da kayan da kowa ke iya samu, ko ka sayi kayan ɗaya-ɗaya ka haɗa da hannunka. Ta farkon tana da garanti guda da ya rufe komai, amma sau da yawa madabod ɗinta da fawarta na musamman ne. Maimakon wayar nan mai haƙora 24 da kowace madabod ta saba da ita, sai ka tarar da wata mai haƙora 6 ko 8 da kamfanin kaɗai ke yi. Ranar da ka so ƙara babban kati, fawar ba za ta iya ba, kuma ba za ka iya musanya ta da ta kasuwa ba sai da dabara. Na zaɓi hanya ta biyu, da sharaɗin sai an rubuta mini sunan kowane ɓangare da lambarsa a rasit.

Inda aka fi yaudarar mutane shi ne wurin karanta talla, don haka a nan na fi ɓata lokaci. Za ka ga an rubuta "Core i7, RAM 16GB, katin hoto 4GB" da manyan baƙaƙe, ga hoton kes mai gilashi fitilu na walƙiya. Kalmar i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba, domin tun 2008 ake yin firosesa mai wannan suna. Lambar da ke biye ita ce magana. A i7-3770, lambar farko 3 tana nufin zubi na uku, na 2012. A i7-4790 zubi na huɗu ne, na 2014. A i5-12400F kuwa 12 ɗin ce zubin, na 2022. Ƙaramar i3-12100F ta fi tsohuwar i7-4790 gudu nesa ba kusa ba, duk da cewa sunanta ya fi ƙanƙanta. Irin waɗannan injinan yawanci tsofaffin kwamfutocin ofis ne aka sauya musu riga. Bayan rashin gudu, suna da matsala ta biyu: Windows 11 a hukumance tana karɓar firosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ta AMD kuma daga Ryzen 2000, tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin inji. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Valorant ma a kan Windows 11 tana neman TPM 2.0 da Secure Boot, saitin tsaro na lokacin tashin inji, kafin ta buɗe. Ke nan tsohuwar inji na iya hana ka gem ɗin da ka saye ta dominsa.

Katin hoto shi ma haka. Yawan gigabait ɗinsa ba shi ne ƙarfinsa ba, kuma akwai katunan da suna ɗaya suke amsawa amma cikinsu daban. RTX 3060 tana da mai 12GB, tana da mai 8GB wadda aka rage wa faɗin hanyar ma'ajiya daga bit 192 zuwa 128, kuma ta fi ta farkon rauni. RTX 3050 tana da mai 8GB da mai 6GB, ta biyun an rage mata ƙarfi sosai. GT 1030 ba katin gem ɗin zamani ba ce ko kaɗan, kuma wadda ke da DDR4 ta fi mai GDDR5 rauni ƙwarai. RX 6500 XT yawanci 4GB kacal take da shi, layuka 4 kawai take amfani da su na PCIe, hanyar da ke haɗa kati da madabod, kuma ba ta da sashen da ke naɗar bidiyo, abin da zai dami duk mai son ɗaukar wasansa ko watsa shi kai tsaye. A kan madabod mai PCIe 3.0 waɗannan layuka 4 sukan shaƙe ta har a ga gem na tsalle.

Na sa wa kaina iyaka cewa ba zan sauka ƙasa da 8GB ba. Katunan da suka shigo lissafina su ne RX 6600 ta 2021, RX 7600 da RTX 4060 na 2023, RTX 3060 mai 12GB, da Intel Arc B580 mai 12GB da ta fito a ƙarshen 2024. RTX 4060 tana da DLSS, fasahar da ke ƙara yawan firem, kuma wat 115 kawai take ja, abin sha'awa ne. B580 tana da ma'ajiya mai yalwa, amma ba ta sakin jiki sai an kunna Resizable BAR, saitin da ke ba firosesa damar isa ga dukkan ma'ajiyar kati a lokaci guda, kuma ta fi son firosesa mai ƙarfi a bayanta. Na tsaya a RX 6600 domin ita ce ta ba ni mafi yawan firem a kan abin da na ware. Wat 132 take ja, waya ɗaya mai haƙora 8 ta ishe ta, kuma a 1080p tana ɗaukar yawancin gem a saiti mai kyau ba tare da wahala ba. Inda ba ta da ƙarfi shi ne fasahar bin haske da ake kira ray tracing. A wannan matakin kuɗi kashe ta ya fi, kuma ban ga dalilin biyan ƙari dominta ba. Farashin katuna yana hawa yana sauka, don haka wadda ta fi dacewa a watan da za ka saya tana iya zama wata daban. Abin da ba ya canzawa shi ne ka nemi gwajin da aka yi wa katin a ainihin gem ɗin da kake so, a 1080p, ka duba matsakaicin firem da kuma mafi ƙarancinsa, wanda ake rubutawa 1% low. Wannan na biyun shi ke nuna ko wasan zai riƙa sarƙewa.

A firosesa, Ryzen 5 5600 da Core i5-12400F kusan kunnen doki suke: kowacce ƙwayoyin aiki 6 ne da zare 12, duka na 2022, duka suna zuwa da kularsu, wato fankar sanyaya su, a kwali, duka ba su da sashen hoto a cikinsu. Na ɗauki 5600 domin madabod ɗin soket AM4, wato gurbin da take zama, da RAM na DDR4 sun fi sauƙi a lokacin. Sai dai a kula da 'yan uwanta masu kama da suna. Ryzen 5 5500 da 5600G rabin ma'ajiyar L3 suke da ita, wato ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa, 16MB maimakon 32MB, kuma a PCIe 3.0 suka tsaya. Gem na jin wannan bambanci. Illar AM4 ita ce tsohon soket ne, ba za ka ɗora masa sabbin zubi ba. Wanda ke da ɗan ƙari ya tafi AM5 da Ryzen 5 7600 ko 7500F, amma ya san cewa DDR5 kaɗai take karɓa. Ni na gwammace in zuba wannan ƙarin a kati.

Madabod na nemi B550 ƙirar micro-ATX mai gurbin RAM 4. A520 ta fi araha amma ba ta da PCIe 4.0, kuma RX 6600 layuka 8 take amfani da su, don haka gara a ba ta hanya mai faɗi. Na tambaya ko tana da maɓallin sabunta BIOS, manhajar da ke tada madabod, ba tare da firosesa ba, domin madabod ɗin da ta daɗe a ajiye tana iya ƙin gane 5600 har sai an sabunta shi. Na kuma tambaya ko tana da Wi-Fi. Yawancin masu araha ba su da shi. Ga gem na intanet wayar ethernet ta fi, amma gara ka sani tun kafin ka kunna.

RAM 16GB ne, DDR4-3200 CL16, kuma na nace sai sanda 2 masu 8GB kowanne. Masu haɗawa da yawa sukan sa sanda ɗaya mai 16GB, a talla kuma adadin ɗaya ne. Sanda ɗaya hanya ɗaya take buɗewa tsakanin firosesa da ma'ajiya, sanda biyu hanya biyu, wato ninkin abin da ke iya wucewa a lokaci guda. A gem ɗin gasa da ke dogaro da firosesa, rashin wannan kaɗai yana zubar da firem mai yawa. SSD kuwa NVMe mai 1TB. Akwai gem da ya haura 100GB shi kaɗai, don haka 256GB ko 512GB nan da nan za ta cika. Ban damu da ko Gen3 ce ko Gen4 ba, domin a lokacin buɗe gem bambancinsu kaɗan ne. Babban tsalle yana tsakanin tsohon faifai mai juyawa, da ke ba da wajen 150MB a daƙiƙa, da kowace SSD.

Sai fawa, wadda ita ce tallace-tallace suka fi ɓoyewa. Idan aka rubuta "600W" kawai babu sunan kamfani babu lamba, a nan aka matse kuɗin, kuma araha ba ta ado. Lissafin bukatata mai sauƙi ne: firosesa ba ta kai wat 90 ba, kati 132, sauran kaya wajen 50, jimilla ƙasa da 300. AMD ta ba da shawarar fawa mai 450W ga RX 6600. Na ɗauki 550W don in bar wurin ƙara kati nan gaba. Amma lambar da ke jikin kwali ba ta isa ba. Na sa aka turo mini hoton takardar da ke manne a gefen fawar, na nemi layin +12V, domin firosesa da kati daga nan suke sha. Ka ninka amfiyan da aka rubuta da 12. Idan 45A ne, wat 540 ke nan, fawa ce ta gaskiya. Idan an ce 600W amma layin 12V yana da 30A, wat 360 kawai kake da shi a inda ake bukata. Tambarin 80 Plus Bronze yana nufin tana isar da kusan kashi 82 zuwa 85 cikin 100 na wutar da ta ja, bai ce komai a kan ingancin kayan cikinta ba. Abubuwan da suka fi nuna inganci su ne tsawon garanti, shekara 5 ko fiye, da jerin kariyar da aka rubuta, irin OVP da OCP da OPP da SCP, masu kashe fawa idan wuta ta yi yawa ko wayoyi suka haɗu. Idan ka ga ɗan jan makunni a baya na sauya 115V da 230V, tsohuwar ƙira ce. Idan kuma babu wayar PCIe mai haƙora 6+2, aka ce za a haɗa maka da adafta daga wayar Molex ko SATA, kada ka yarda. Waɗannan wayoyin ba a yi su don ɗaukar wutar kati ba, sukan yi zafi har su narke. Mummunar fawa idan ta mutu tana iya tafiya da madabod da kati, shi ya sa ban rage ko kaɗan a nan ba.

A kes abu biyu na duba: gaba mai raga da iska ke shiga, da tsawon katin da zai iya ɗauka. Gaban gilashi ko roba a rufe yana sa fankoki su yi ta juyi babu iskar ja. Fanka 2 masu milimita 120 a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, ya wadatar.

Kafin na biya na nemi amsa a rubuce a kan kwana nawa nake da su na mayar da kaya, wa ke ɗaukar garanti, mai haɗawa ko kamfanin kowane ɓangare, da ko buɗe murfin kes yana karya garantin. Na kuma ce a haɗo mini da kwalayen madabod da kati da ragowar wayoyi da sukurori. Lambar siriyal da ke jikin kwali ita za a nema ranar da wani abu ya lalace.

Da kwamfutar ta iso ban jona ta ba sai da na buɗe gefe. Masu aikawa sukan cusa soso ko buhun kumfa a ciki don kada kati ya girgiza, kuma dole a cire shi kafin a kunna. Na danna katin na tabbatar maƙallin ƙarshen gurbin ya kama shi, na danna sandunan RAM har haƙoran gefe suka rufe, na duba suna gurbi na 2 da na 4 idan ka ƙirga daga firosesa, waɗanda littafin madabod ke kira A2 da B2. Na bi wayar haƙora 24, da ta firosesa mai haƙora 8 da ke saman madabod ta hagu, da ta kati. Na karanta takardar fawa na gwada da abin da ke rasit. Wayar monita kuma a jikin katin hoto take shiga, a ramukan da ke ƙasa a kwance. Ramukan HDMI na madabod da ke sama ba za su ba da komai ba da 5600, allo baƙi kawai za ka gani. Da firosesa mai sashen hoto abin ya fi ɓoyuwa, domin hoto zai fito amma gem zai riƙa jan ƙafa alhali katin na zaune babu aiki.

Da ta tashi na danna Delete na shiga BIOS. RAM ɗin yana gudu a 2133 maimakon 3200, kuma haka kusan kowane sabon haɗi yake zuwa idan ba a kunna XMP ba, saitin da ke ɗaga RAM zuwa cikakken gudunsa, wanda wasu madabod ke kira DOCP ko A-XMP. Na kunna shi. Na kunna Above 4G Decoding da Resizable BAR, na kashe CSM domin ba sa tafiya tare, na tabbatar fTPM, wato TPM ɗin da ke cikin firosesar AMD, da Secure Boot suna kunne, na ajiye da F10. Idan bayan kunna XMP inji ta ƙi tashi, yawancin madabod sukan gwada wasu lokuta su koma saitin farko da kansu. Idan ba ta koma ba, cire wuta ka zare ƙaramin batirin CR2032 na 'yan mintuna. Fitilun nan huɗu da ke gefen wasu madabod, masu rubutun CPU da DRAM da VGA da BOOT, suna nuna inda tashin ya tsaya.

A cikin Windows na sauke direban kati, manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi, daga shafin AMD kai tsaye, da direban chipset. Na shiga saitin allo na ɗaga shi daga 60Hz zuwa 165Hz, domin Windows sau da yawa a 60 take barin sa, kuma mutum na iya daɗewa yana amfani da monita mai sauri a matsayin ta ofis. Na yi amfani da wayar DisplayPort na kunna FreeSync, mai daidaita monita da firem ɗin kati, a menu na monitar.

Sauran aikin tantancewa ne, kuma duk manhajojin kyauta ne. CPU-Z ta nuna sunan firosesa da madabod, ta nuna RAM na aiki a hanya biyu. Za ka ga 1600MHz a wurin, kada ka firgita, DDR sau biyu take aikawa a kowane bugu, 3200 ke nan. GPU-Z ta nuna ainihin kati da girman ma'ajiyarsa da cewa yana kan PCIe 4.0 x8. Ita ce kuma ke tona jabun katuna, waɗanda ake ɗaukar tsoho a sauya masa suna a BIOS, takan rubuta FAKE a gaban sunan. CrystalDiskInfo ta nuna awannin da SSD ta yi a kunne. Sabuwa 'yan awanni za ta nuna, idan ka ga dubbai ta hannu aka sa maka. 1TB kuma 931GB take fitowa a Windows, bambancin ƙirga ne kawai. Na buɗe Command Prompt na rubuta slmgr /dli don ganin irin lasisin Windows. Idan ya ce VOLUME_KMSCLIENT, lasisin ma'aikatu ne da ke bukatar sabuntawa duk kwana 180, kuma wata rana zai daina aiki.

Daga ƙarshe na matsa mata. Na sa MemTest86, mai gwada RAM, a filashi na bar shi ya yi zagaye 4, kuskure ko ɗaya bai halatta ba. Na kunna Cinebench na minti 10 don matsa wa firosesa, ina kallon zafinta a HWiNFO64. Iyakar 5600 digiri 90 ce, da kular kwali kuma ganin 75 zuwa 85 a cikakken aiki ba abin damuwa ba ne. Idan ta harba 90 cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ko dai kular ba ta zauna daidai ba, ko ba a shafa man da ke tsakaninta da firosesa ba, ko an bar ledar da ke ƙasanta. Idan za ka cire kular AM4, ka ɗumama injin tukuna sannan ka murɗa ta a hankali hagu da dama, domin jan ta kai tsaye yana fizgo firosesar daga soket ya lanƙwasa haƙoranta. Kati kuma na ba shi FurMark na minti 20, ina duban zafi biyu, na gaba ɗaya da na wuri mafi zafi. Katunan RX 6000 an yi su su jure har digiri 110 a na biyun, amma tazarar da ta wuce digiri 25 tsakanin su biyun tana nuna man ya bushe ko murfin bai kwanta daidai ba. Gwajin fawa shi ne a kunna na firosesa da na kati a lokaci guda, OCCT tana da wannan. Idan inji ta mutu tsit ko ta sake tashi ba tare da shuɗin allo ba, kuma Event Viewer ya nuna Kernel-Power 41, fawa ce farkon abin zargi. Ɗige-ɗige masu launi ko layuka a hoto kuwa sau da yawa matsalar ma'ajiyar kati ce, kuma wannan mayarwa ake yi, ba a gyara shi da saiti.

Duk wannan ya kamata a gama shi a kwanakin farko, tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba. Na ɗauki hoton kowane sakamako na ajiye tare da rasit da lambobin siriyal, sannan na yi rajistar garantin kati da fawa a shafukan kamfanoninsu.